Jan da Ba Ya Tsoron Kanwa

Ga wani kacici-kacici da za a iya gwada rabinsa a madafa yau ɗin nan. A zuba zoɓo a kofin gilashi, ja wur, wanda ba a sa masa komai ba. A jiƙa 'yar kanwa, a ɗiɗɗiga ruwanta a ciki. Kafin a ajiye cokali launin ya fara gudu. Zai koma shunayya, ya koma shuɗi mai duhu, in an ƙara kanwar kuma ya rikiɗe ya zama wani kore-kore da ba mai sha'awar kai shi baki. Matan da ke jefa ɗan gutsuren kanwa a zoɓo don rage tsami sun san iyakar abin, domin da hannu ya zarce, kyan zoɓo ya tafi ke nan.

To, yanzu mu tsallaka Gana, mu shiga Nima a birnin Akra, ko ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, da sassafe. Mutane sun yi layi gaban mai abinci, tukunya tana tururi. Shinkafa da wake take sayarwa, abin da mutanen Gana ke rubutawa waakye, abincin da matan zango suka yi suna a kansa. Sai dai bai yi kama da garau-garau na Kano ba. Ja ne mai duhu, har cikin ƙwayar shinkafar. In ka tambayi yadda aka dafa shi za a ce maka akwai kanwa a ciki, kuma da gangan aka sa ta. An tafasa, an daɗe ana tafasawa, jan kuwa sai ƙara kama jiki yake yi.

Kanwar dai ɗaya ce. Can ta kashe ja nan take, nan ta raya shi. Wane irin ja ne wannan da ba ya tsoronta?

Mu fara da waɗanda ke kusa da tukunya. Na farko da zuciya za ta zarga shi ne manja, tunda a ƙasar kurmi muke, kuma shi ne sarkin jan abinci a can. Amma manja yana da shaidu. Launinsa na dangin karotin ne, irin na karas da tumatir, kuma wannan dangi a mai yake narkewa, ba ya shiga ruwa. Zuba manja a ruwa ka ga yadda zai taso sama ya yi zamansa. Ƙari a kan haka, in ya gamu da ruwan kanwa yakan yi kauri ya koma rawaya. Jan da muke nema a cikin ruwan dahuwa yake, ruwan ne ya kai shi cikin shinkafa. A sallami manja.

Sai wake. Akwai jan wake, kuma lalle fatarsa takan ɗan rina ruwa. Amma masu wannan abinci da farin wake mai baƙin ido suke yawan dafawa, kuma tukunyar takan fito ja duk da haka. To ko kanwar ce da kanta? Wannan zargi ya fi ƙarfi, domin kowa ya san kanwa tana sauya kamannin wake. Sai dai a Kano ma ana dafa shinkafa da wake da kanwa kullum, abin da ake samu bai wuce ɗan rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa ba. Tukunya fa? Ita ce dai gobe za a dafa farar shinkafa a cikinta ta fito fara sol. Kalar kanti? Bi mai abincin kasuwa ka duba kwandonta, ba kwalbar kala a ciki.

Amma akwai wani abu a kwandon. Wani ɗan ƙunshi ne busasshe, an ɗaure shi da zare. Ba shi da ƙamshi. Ba a cin sa. Kafin a kwashe abinci ma tsame shi ake yi a yar.

Kwance ƙunshin, Bahaushen da ya tashi a karkara zai yi murmushi. Karan dafi ne. Gindin ganyen wata irin dawa ne, wato ɓangaren ganye da ke naɗe da kara, wanda a wannan iri yake rinewa ja mai duhu. Ba don tsabarta ake shuka wannan dawa ba, don wannan ɓawon ake yi. Kuma tsohon ɗan gida ne. Da shi dukawa da majema na Kano da Sakkwato suka daɗe suna rina fatar jar akuya bayan an jeme ta da bagaruwa, fatar da ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ya sa karan dafi a littafinsa na 1916. A arewacin Benin kuwa da shi ake shafa wa cukun Fulani da ake kira wagashi jan launinsa. A duk waɗannan wurare za ka tarar ana jiƙa shi da abu guda, kanwa ko ruwan toka.

Mun gano inda jan ya fito. Amma tambayar tana nan daram, ta ma ƙara nauyi. Zoɓo tsiro ne, dawa tsiro ce. Me ya sa kanwa ta bambanta su?

Akwai amsar da za ka ji a kasuwa. Mutane da yawa, daga ƙasar Hausa har ƙasar Yarbawa, suna jiƙa karan dafi su sha don ƙarin jini, kuma ganin launin ruwan sai a ɗauka sinadarin ƙarfe ne a ciki, irin wanda ke sa jini ja. Da haka ne, da magana ta ƙare, tunda kanwa ba ta korar ƙarfe. Sai dai ƙwayar sinadarin da ke ba karan dafi launi ba ta da ƙarfe ko ɗaya, kabon ne da haidirojin da oksijin kawai. Kamar launi ce ta haɗa shi da jini. Shi ya sa mai ciki ko yaron da jininsa ya yi ƙasa bai kamata a tsaya ga jiƙo a fasa kai shi asibiti a auna ba, kuma wannan ba wasa nake yi da shi ba.

In ba ƙarfe ba, saura manyan dangogin launi na tsirrai, kuma ja da shunayya kusan duka daga gida uku suke fitowa. Mun riga mun sallami karotin. Na biyu shi ne betalen, wanda ke rina jan alayyafo da jan tushen nan na Turawa da ake kira bitirut. Shi kam ya cancanci a tsare shi a yi masa tambayoyi, domin a ruwa yake narkewa, kuma ba ya saurin sauya launi in tsami ya ragu. Amma abu biyu sun wanke shi. Doguwar tafasa tana kashe shi, waakye kuwa a wuta yake kwana. Sannan betalen a wani rukuni guda na tsirrai kaɗai ake samunsa, su alayyafo da dangoginsu. Dawa ciyawa ce, 'yar'uwar gero da masara da rake, kuma ba a san ciyawar da ke yin betalen ba.

Saura ɗaya. Antosayanin. Shi ne mai rina jan inabi, da jar albasa, da kabeji mai shunayya, da baƙar shinkafa.

Shi ne kuma mai rina zoɓo.

Nan bincike ya ci karo da bango, domin antosayanin shi ne wanda aka fi sani da tsoron kanwa a duk duniyar launi. Tun 1664 Robert Boyle a Ingila ya rubuta cewa ruwan wani fure mai shunayya yakan koma ja in an sa masa tsami, ya koma kore in an sa masa abu mai ɗabi'ar toka, har masana suka riƙa amfani da shi wajen gane tsami da kishiyarsa. Bayan shekara ɗari biyu da hamsin Bajamushe Richard Willstätter, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1915, ya nuna cewa sinadarin da ke cikin wani shuɗin furen gonakin Turai shi ne dai ke cikin jan furen wardi. Wannan dangi ba ya riƙe launi ɗaya. Abin da ke kewaye da shi ne ke gaya masa rigar da zai sa. Ga shi kuma duk alamu sun nuna jan karan dafi ɗan wannan gida ne. Ɗan gidan matsorata, amma shi ko gezau. Ta yaya?

Dole mu shiga cikin ƙwayar sinadarin kanta. A ɗauke ta kamar gida mai ɗaki uku a jere, ɗakin tsakiya shi ne ya haɗa na dama da na hagu. Muddin ɗakunan nan uku suna haɗe, ƙwayar tana shanye wani ɓangare na haske ta mayar wa ido da ja. Masana sun ba kowace kusurwa ta gidan lamba. A kusurwa ta 2, a ɗakin tsakiya, akwai ƙofa mai rauni. Tsami ne mai gadinta. Zoɓo kuwa tsami gare shi na gaske, shi ya sa jansa yake ƙyalli, kuma in an matsa masa lemon tsami ya ƙara haske. Da kanwa ta kashe tsamin, mai gadi ya tafi. Wasu ƙwayoyin su juye zuwa shunayya da shuɗi. Wasu kuma ruwa da kansa ya banko ƙofar nan ya shiga, haɗin ɗakunan ya yanke, launi ya ɗauke. In aka daɗe a haka, ko aka ƙara zafi, ɗakin tsakiya ya rushe gaba ɗaya, ba kuma gyara.

To me ya raunana ƙofar? Maƙwabciyarta. A kusurwa ta 3, dab da ita, antosayanin na zoɓo da na inabi da na albasa duk suna ɗauke da ƙwayar oksijin guda, da ɗan sukari rataye a jikinta. Wannan oksijin ita ke sauƙaƙa wa ruwa shiga.

Yanzu a ɗauko na karan dafi. Ɗaki uku ne shi ma. A duba kusurwa ta 1, daidai. Ta 2, daidai. Ta 3.

Babu oksijin. Babu sukari. Wayam.

Ga shi nan. Duk wannan taurin kai daga rashin abu ɗaya ya fito, ƙwayar oksijin guda da ba ta nan. Masana suna kiran babban sinadarin karan dafi afijeninidin, yana da ɗan'uwa lutiyolinidin, kuma su 'yan wani ƙaramin reshe ne na dangin antosayanin wanda ba kasafai ake samunsa a abincin ɗan Adam ba. A cikin hatsin da duniya ke ci, dawa ce ta fi kowa shi nesa ba kusa ba. Da yake ba abin da ke buɗe wa ruwa hanya, ƙofar tana nan a rufe ko mai gadi ya tafi, ko wuta ta yi wuta. Sai ma al'amarin ya juye. A cikin tsami afijeninidin ruwan goro ne mai haske-haske, kuma ba ya son narkewa. Sai tsami ya kau yake nuna ja sosai. Kanwa aiki biyu take yi masa: tana jawo shi daga cikin busasshen ɓawo ya shiga ruwa, sannan tana tura shi zuwa ga jan da ido ke so. Masu bincike na Benin da Holan da suka gwada hanyoyin jiƙa shi daban-daban sun tarar cewa jiƙo da kanwa, wanda mata ke yi tun kaka da kakanni, ya fi jiƙo da ruwa zalla fitar da launi. Wanda ke son gani da idonsa ya matsa lemon tsami a ruwan karan dafi. Abin da ke ƙawata zoɓo shi zai dusashe wannan.

Da a nan za a rufe shari'a. Amma mai bincike na ƙwarai ba ya tashi sai ya ji dalili. Dawa ba ta san da waakye ba, ba ta san da baduku ba. Haɗa irin wannan sinadari kuwa yana cin ƙarfin tsiro. Don me take yin sa?

Fure yakan yi ja don ya kira ƙwari da tsuntsaye, 'ya'yan itace su yi ja don a ci a watsa irinsu. Dawa ba ta bukatar ko ɗaya: ita ke yi wa kanta barbara, iska ta taimaka da saura, kuma ba tsuntsun da ke zuwa neman gindin ganye. To ko laima ce daga rana? Akwai hujja a nan, domin sabon tohon mangwaro yakan fito ja-ja, kuma antosayanin ɗin da ke ciki yana tare masa zafin haske kafin ya yi ƙwari. Amma mu shiga gonar dawa ta yau da kullum, farfara ko kaura, wajen ƙarshen damina. Da don rana ce, da jan ya rufe saman ganye bai ɗaya. Ba haka yake ba. Ɗigo-ɗigo ne. Zane-zane ne. Yana kewaye da inda ganye ya yage. Tsaga karan da tsutsa ta huda, za ka ga ramin da ta bi ya yi ja tun daga bakinsa har ƙarshe.

Duk inda jan yake, akwai rauni. Manomi zai ce ai cuta ce, jan nan launin cutar ne. Ya kusa. Amma bai kai ba.

Amsar ta fito daga jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a Amurka, a ɗakin binciken Ralph Nicholson, masanin cututtukan tsirrai. A 1987 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa dawar da aka sa wa funfuna tana ƙera afijeninidin da lutiyolinidin, kuma sinadaran nan guba ne ga funfunar. A 1990 shi da Beth Snyder suka wallafa abin da suka gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma a mujallar Science, kuma labarin ya cancanci a bi shi a hankali.

Ƙwayar irin funfuna ta sauka a kan ganye. Ta tsira, ta manne, ta fara shirin huda fatar ganyen. A ƙarƙashinta akwai ɗakin halitta guda, ɗaya daga cikin dubban da suka haɗu suka yi ganyen. Ya ji taɓi. Sai wasu 'yan ƙananan ƙunsoshi suka fara bayyana a cikinsa, ba su da launi ko kaɗan. Suka fara tafiya. Ba ko'ina suka nufa ba, daidai wurin da ake hudawa suka dosa. Suna tafe suna haɗewa, suna girma, suna rinewa. Ruwan goro. Ja. Ja mai duhu. Funfuna ta huda ta shigo.

Ƙunsoshin suka fashe.

Gubar ta malale, ta kashe zaren funfunar da ya shigo, ta kashe ɗakin halittar da ya ƙera ta. Maƙwabtansa su ma suka ɗauki aikin, suka kewaye wurin da ja. Duk wannan kafin a yi kwana biyu. Ɗigon da manomi ke gani a ganye, ashe, filin daga ne bayan an tashi daga yaƙi, kuma jan na dawa ne, makaminta ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa irin dawar da ke jure cutar ya fi saurin tara gubar, ya kuma fi tara ta da yawa, wanda cutar ke kayarwa kuwa yakan makara. A 2016 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gadon da ke sa raunin dawa ya yi ja ko shunayya. A irin dawar da wannan ƙwayar gado ta lalace, rauni ba ya wuce ruwan ƙasa mai haske. Rake ma yana da wannan dabara. Jan da kake tararwa a tsakiyar gaɓar da ta fara tsami, ka tofar, irin wannan faɗan ne aka yi a wurin.

Saura ƙulli ɗaya. Dawar karan dafi ba ɗigo-ɗigo take yi ba, gindin ganyenta rinewa yake gaba ɗaya. A nan hannun mutum ya shigo. Manoman Afirka ta Yamma, shekara bayan shekara, suna ajiye irin dawar da ta fi ja, har aka samu wadda ke cika ɓawonta da sinadarin ba tare da ta jira an kawo mata hari ba. Da Polycarpe Kayodé na jami'ar Abomey-Calavi a Benin da abokansa suka auna ɓawon a 2011, sun tarar da afijeninidin ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin dusar hatsi. Ni a ganina wannan ilimi ne cikakke: a zaɓo tsiro ɗaya cikin ɗaruruwan irin dawa, a gane ɓangaren da za a ɓare, a kuma gane cewa kanwar da ke ɓata sauran jajaye ita ce mabuɗinsa. Abin yana damuna ganin yadda garin rini na kanti ya ture shi a rumfunan dukawa da yawa, alhali can waje nemansa ake yi.

Nemansa kuwa ake yi da gaske. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin sa wani jan launi na masana'anta, mai lamba 3, a cikin abinci, kuma kamfanoni suna ta cigiyar ja na tsiro da zai jure wuta da doguwar ajiya, abin da irin na zoɓo da inabi ba su cika iyawa ba. Joseph Awika na jami'ar Texas A&M ya shafe shekaru yana nazarin launin dawa saboda haka. Cikas ɗin da masu binciken suka ci karo da shi daga waccan kusurwa ta 3 ya fito: da yake ba sukari a jikinsa, sinadarin ba ya son zama a ruwa, yakan dunƙule ya kwanta a gindin kwalba, musamman a abin sha mai tsami. Cikin abubuwan da ɗakin binciken Awika ya gwada ya ga suna riƙe shi a ruwa har da ƙaro, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi zuwa kasuwannin duniya.